Ɗalibin likita ne ni a Damagaram: ta ina ake koyon magana da maras lafiya?

Ɗan Garin Malam ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida manyanmu likitoci da malaman jinya da ke wannan zaure, barkanku da aiki.

Ni ɗalibi ne a fannin likitanci nan Damagaram. Bana muka soma shiga ɗakunan marasa lafiya da safe, da rana mu koma aji. Akwai abin da ya daɗe yana damuna, na kuma lura ba ni kaɗai ba ne a ajinmu, sai dai ba mai son ya fara faɗa.

Karatunmu duka da Faransanci ne tun daga firamare. Tambayoyin da ake yi wa maras lafiya ma da Faransanci muka haddace su a jere: abin da ya kawo shi, yaushe ya fara, cututtukan da ya taɓa yi, waɗanda ke cikin dangi, magungunan da yake sha. A takarda ba su ba ni wahala. Amma wanda ke kwance a gadon daga Mirya ya zo, ko Matamaye, ko wani ƙauye bayan Tanut, kuma da Hausa za mu yi magana. Hausa harshena ce, da ita na tashi. Duk da haka in na tsaya a kan dattijo sa'an mahaifina da farar riga a jikina, tambayoyin sai su riƙa fitowa a bushe, kamar ina tuhumarsa. Ya ce e, ya ce a'a, in cika takardata, in fito ban san ainihin abin da ke damunsa ba.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne wannan. In na ce "Baba, ya jiki?" sai ya ce "Da sauƙi, alhamdulillahi," alhali ina kallon ƙafafunsa sun fi jiya kumburi. Ba zan ƙaryata dattijo ba, ba kuma zan rubuta cewa ya samu sauƙi ba.

Sai kuma mata. Mace tana zaune, mijinta ko uwar mijinta ce ke amsa kowace tambaya, ita kanta a sunkuye. Ga tambayoyin da dole in yi game da al'ada da fitsari da ciki, ni kuma saurayi ne, ko aure ban yi ba.

Na ƙarshe, wani lokaci mai jinya yakan tare ni a baranda ya ce, "Likita, don Allah faɗa mini gaskiya, zai tashi?" Ni kuwa na ga abin da ke cikin dosiye, wato takardun maras lafiyan, na san abu ne mai nauyi.

Wasu abokaina suna cewa wannan ba abin koyo ba ne, halitta ce, mai baki mai baki ne. Wasu suna cewa in bari sai na kai manyan azuzuwa, zai zo da kansa. Ni hankalina bai kwanta da ko ɗaya ba. Ku da kuka riga mu, yaya kuka yi?

Likitan Karkara ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ni a Yamai na yi karatu, a Jami'ar Abdou Moumouni, lokacin da can kaɗai ake karatun likita a ƙasar nan. Yanzu ina aiki a wata gunduma kudu da Damagaram, wajen iyaka.

Abin koyo ne, kuma yanzu ne lokacinsa. Na ga likitoci masu surutu da ba su iya ɗaukar tarihin ciwo ba, na ga masu kawaici da mutane ke tsallake layi uku don su shiga wurinsu. Abin da ka saba da shi a shekarun nan na farko, da shi za ka tsufa. Kuma yanzu kana da abin da ba za ka sake samu ba, wato lokaci. Ba kai ke sallamar mutanen da ke jira a waje ba, don haka kana iya zama wurin mutum ɗaya rabin awa ba wanda ya cutu.

Kada ka ɗauka magana ado ce a kan aikin likita. A 1975 wasu likitoci a Ingila, ƙarƙashin John Hampton, sun bi sababbin marasa lafiya 80 da aka turo musu. A 66 daga cikinsu, cutar da likita ya zata bayan ya karanta takardar da aka turo su da ita ya kuma saurari labarin ciwon, ita ce ta tabbata a ƙarshe, tun kafin a taɓa jikinsu ko a ɗibi jini. Can ke nan, inda na'ura take a wadace. Ina ga nan, inda mutum zai sayar da akuya ko tiyoyin gero kafin ya biya kuɗin mota da na awon jini? Duk awon da kunnenka ya hutar da shi, jikkuna ne ka bar masa a aljihu ya sayi magani.

Ga yadda nake yi. Ka nemi kujera ko benci ka zauna, kada ka tsaya a kansa. Ka gaisa gaisuwa cikakkiya, da shi da mai jinyarsa. Ka faɗi gaskiyar matsayinka: "Ni ɗalibi ne, ina koyon aikin likita, ina so in ji labarin ciwon nan in kai wa malamina, kun yarda?" Da wuya dattijo ya ƙi, yawanci ma sai ya sa maka albarka. Daga nan ka ajiye biro ka ce, "Baba, ku ba ni labarinsa tun daga farko." Sai ka kama bakinka. Wannan shirun ne ya fi komai wuya. A 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Beckman da Frankel, sun naɗi muryoyin likitoci da marasa lafiya, suka tarar a matsakaici bayan daƙiƙa 18 kacal likita ke katse mutum. Da zarar ka katse shi, ya gane cewa nasa amsawa ne kawai, kuma ba lallai ne abin da ya fara ambata ya zama shi ne babban abin da ya kawo shi ba. Jerin tambayoyin da ka haddace yana da amfani, amma a ƙarshe ake ɗauko shi, a cike abin da labarin ya tsallake.

Batun "da sauƙi" kuwa, ai gaisuwa ka yi, ya amsa maka gaisuwa. Mutuminmu ba zai ce jiki ya yi tsanani ba, yana ganin butulci ne ga Allah. Ka karɓa, ka ce Allah ya ƙara sauƙi. Bayan nan ka tambayi abin da ke da ma'auni. Daren jiya kun samu barci, ko a zaune kuka kwana? Me kuka iya ci tun safe? Da kanku kuka je bayan gida, ko riƙe ku aka yi? Sallar asuba a tsaye kuka yi ta ko a zaune? Wannan ta ƙarshe ta sha ba ni abin da awo bai ba ni ba. Mutumin da makon jiya yake ruku'u da sujada, yau kuma a kishingiɗe yake salla, ya faɗa maka komai ba tare da ya yi ƙorafi ba.

Haka ma lokaci. In ka ce "wata nawa?" zai ba ka lamba don ya faranta maka. Ka ce, kafin azumi ya fara ko bayan salla? An yi shuka ko ba a yi ba? Kasuwar garinku nawa ta ci tun da kuka kwanta?

Kusan duk wanda ya iso gadon asibiti ya gwada wani abu a gida: saiwoyi, rubutu, ƙaho, ko ƙwayoyin masu talla a kasuwa. In ka ɗaure fuska ka ce "Kun sha maganin gargajiya?" za a ce maka a'a. Ka ce, "Kafin ku zo, me da me aka gwada?" da muryar wanda ya san an gwada kuma bai ga laifi ba. Kana buƙatar amsar, domin wasu abubuwan suna taɓa ƙoda da hanta, kuma rabin magani da aka sha a gida yana iya ɓoye maka alamun cuta.

In ka gama bayani kada ka ce "Kin gane?" Kowa zai ce ya gane. Ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem: safe da yamma ne, kwana 3, sha 6. A kwana na biyu jikin yaro ya yi sanyi, uwa ta adana sauran don ƙanensa. Ni abin da nake cewa shi ne, "In kin koma gida maigida ya ce me likita ya faɗa, me za ki ce masa?" A bakinta za ka ji inda bayaninka ya tsaya.

Tambayarka ta ƙarshe tana da nauyi, zan dawo kanta in na fito daga aiki.

Hajiya Ungozoma ta amsa:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka damu da wannan. Ni ungozoma ce, na yi ritaya, jikata ce ke rubuta mini. Batun mata zan taɓa.

Kada ka yi faɗa da uwar miji, kada kuma ka nuna mata ba ta da muhimmanci. Ita ta kawo yarinyar, ita za ta mayar da ita, kuma ita za ta ce a sha maganin ko a ajiye. Ka fara gaishe ta, ka bar ta ta faɗi nata har ta gama, ka yi mata godiya. Sannan ka ce, "Inna, yanzu za mu duba ta, ku ɗan jira mu a waje, haka muke yi wa kowa." Wannan "haka muke yi wa kowa" ita ke hana zargi. Miji ma haka. Kuma kada ka keɓe da mace kai kaɗai, ka kira ungozoma ko malamar jinya ta zauna. Kariya ce gare ta, kariya ce gare ka, bakinta ma ya fi buɗewa in ga mace a wurin.

Kunyar da kake ji ba aibi ba ce, amma kada ka bari ta gani a fuskarka, don in ka ji kunya ita sai ta ji ninki biyu. Ka yi tambayar da muryar da ka tambayi ciwon kai da ita. Ka kuma yi amfani da maganar da mata ke yi a tsakaninsu. Ni ban taɓa ce wa matar ƙauye ta ba ni kwanan wata ba. Nakan ce, "Yaushe rabonki da fashin salla?" ko "Azumin bana kin sha saboda al'ada?" Nan take za ta lissafa maka.

In kana tambayar haihuwa, ka rarraba: haihuwa nawa, nawa ke raye, ɓari nawa. In ka ce "ƴaƴanki nawa" rayayyu kaɗai za ta ƙirga. In kuma ta ce uku sun koma, kada ka sunkuya ka rubuta 3 ka wuce. Ka ɗaga kai ka ce Allah ya sa masu ceto ne. Ba ya cin daƙiƙa biyar, amma daga nan za ta saki jiki da kai.

Ka san kuma kunyar ɗan fari. Yarinya za ta kawo ɗanta na fari, ba za ta faɗi sunansa ba, a gaban surukarta ma ba za ta nuna damuwa da shi ba. Na sha ganin ma'aikata baƙi sun ɗauka sakaci ne. Ba sakaci ba ne. Ka fitar da manya, ka ga yadda za ta rungume shi ta faɗa maka komai.

Roƙona gare ku duka ɗalibai, ku bar "Me ya sa sai yanzu kika zo?" Matar nan sai da ta jira izini, ta jira kuɗi, ta jira amalanke ko motar ranar kasuwa. Tun 2006 aka yafe kuɗin awon ciki da na maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a ƙasar nan, amma matar da aka daka wa tsawa a gaban mutane ba ta dawowa ko kyauta ne, kuma za ta gaya wa matan garinsu duka a bakin rijiya. Ka ce mata sannu da hanya, kin kyauta da kika zo. Sannan ka koya mata abin da in ta gani ba a jiran gari ya waye: zubar jini, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, jijjiga, ko ɗa ya daina motsi.

Ɗan Kwanan Gadi ya amsa:

Ina girmama Likita da Hajiya, amma bari in kawo ɗaya gefen, ni da nake shekarar ƙarshe. Ƙanena, ka jira watan Agusta zuwa Oktoba a ɗakin yara. Zazzaɓi ya yi yawa, gadaje sun cika, ƙarfe biyu na dare a shigo da yaro yana jijjiga, tafin hannunsa fari fat saboda ƙarancin jini. A nan ba a cewa "ba ni labari tun daga farko." Tambaya ce gajera, amsa gajera, hannunka na aiki: yana iya shan nono ko ruwa? Yana amayar da duk abin da ya sha? Ya yi jijjiga a gida? Tun yaushe ya daina gane mutane? An ba shi wani magani? Waɗannan ka haddace su da Hausa har su riƙa fita ba tunani.

Abin da nake tsoro shi ne ƙananan ɗalibai su ɗauka daɗin baki zai maye gurbin karatu. Uwar yaron nan ba murmushinka ya kawo ta ba, so take ka san adadin maganin da ya dace da nauyin ɗanta. Ka riƙe darasin alamomin cuta da kyau, don wanda bai san abin da yake nema ba, ko awa guda ya saurara ba zai ji shi ba. Kuma wanda ya kwana a tsaye ba ya iya yi wa mutum na hamsin irin gaisuwar da ya yi wa na farko. Wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa.

Maman Ƴan Biyu ta amsa:

Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, ɗinki nake yi a Sabon Gari, amma ku ba ni dama. Mahaifinmu yana da hawan jini. Da aka fara gano shi a wani asibiti, an rubuta masa ordonas, wato takardar magani, ya saya, ya shanye, ya ji garau, ya ɗauka ya warke. Ba wanda ya ce masa wannan magani ba a daina shi. Bayan wasu watanni ɓarin jikinsa ya shanye. Da muke jinya, wani ɗalibi irinka ne ya zauna ya yi mana bayanin cewa hawan jini yana iya kasancewa a jiki mutum bai ji komai ba, ya faɗa mana batun gishiri da dunƙulen miya, ya kuma sa Baba ya rubuta lokutan shan maganin da ajami da hannunsa mai lafiya, tunda ba ya karanta boko. Har yau takardar tana cikin aljihun rigarsa.

Abu ɗaya nake roƙo. In kun rubuta magani huɗu, ku faɗa mana wanne ne ba a wasa da shi. Sau da yawa kuɗin hannunmu ba ya sayen duka, kunya ta hana mu faɗa, sai mu je farmasi mu zaɓi mai araha.

Ɗaliba Ƴar Zango ta amsa:

Ɗan Garin Malam, na gabace ka da aji biyu. Zan faɗa maka abin da ni da ƙawayena muke yi, don karanta shawara daban, bakinka ya saba daban.

Mukan haɗu mu uku. Ɗaya ta zama maras lafiya, ɗaya likita, ta uku ta zauna gefe da agogo tana lura. Wadda ta zama maras lafiya takan ɗauki halin wani da ta sani, misali kakarta, ta ƙi faɗin babban abin sai an tambaye ta yadda ya kamata. Da Hausa zalla muke yi, duk wadda kalmar Faransanci ta kuɓuce mata sai ta sake jimlar. A nan muka gane cewa bayyana ciwon sukari ko tarin fuka da Hausar da kaka za ta fahimta aiki ne da sai an zauna an shirya shi. Misali tarin fuka: yaya za ka gamsar da mutum ya ci gaba da shan magani wata 6 alhali tari ya tsaya tun a wata na biyu? Mukan naɗi muryarmu a waya mu saurara. Tamu kaɗai, ba ta marasa lafiya ba, wannan amana ce. Wannan hanya ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Wani likita a Amurka, Howard Barrows, shi ya fara horar da mutane masu lafiya su kwaikwayi marasa lafiya don koyar da ɗalibai, tun 1963. Akwai kuma tsarin da ake kira Calgary-Cambridge, na 1996, wanda ya bi ganawar likita da maras lafiya daki-daki daga buɗewa zuwa rufewa. Ana samunsa da Faransanci a intanet. Da shi mai lura take duba mu, amma mun ƙara masa abubuwan gida, kamar gaisuwa da sallamar surukai.

Yaya Ɗan Kwanan Gadi, a kan gaggawa ina tare da ku ɗari bisa ɗari. Amma yawancin waɗanda muke gani da safe ba jijjiga suke ba. A 2002 an yi wani bincike a Basel ta ƙasar Suwizalan, aka ce likitoci su bar mutane su yi magana har su gama da kansu. Matsakaicin lokacin da suka ɗauka daƙiƙa 92 ne, kuma kashi 78 cikin 100 sun gama kafin minti biyu. Na san tsofaffinmu sun fi Turawa jan labari, amma da muka gwada da agogo mun ga tsoron da muke yi ya fi abin yawa. Ko a daren gadin ma, bayan an sa wa yaro ƙarin jini, jimla biyu ga uwarsa ba za su gagara ba: ga abin da ya same shi, ga abin da muke yi. Wannan matsala ta mu'amala ba zato ba ce. Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan sun fitar da bincike a 2003 a kan asibitocin manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai, kuma rashin kyakkyawar tarba da rashin bayani suna cikin manyan abubuwan da suka tarar.

Wani abu da ba a ambata ba: ba kowa ne Bahaushe ba a gadajenmu. Akwai Barebari daga wajen Gure, akwai Fulani, akwai Buzaye da Tubawa daga arewa. Mahaifiyata Babarbariya ce, na ga yadda take rikicewa in aka yi mata Hausa da sauri. In za a yi maka tafinta, ka kalli maras lafiyan, kada ka kalli tafintan. Ka yi jimla ɗaya ka tsaya. In ta yi magana mai tsawo aka fassara maka da kalma biyu, ka ce a faɗa maka duka. Kada kuma ka sa yaro ya fassara wa uwarsa maganar da ta shafi al'aura ko ciki, ka nemo ma'aikaciya mai jin harshen.

Likitan Karkara ya sake amsawa:

Na dawo. Abin da Ɗan Kwanan Gadi ya faɗa daidai ne, ka riƙe shi tare da sauran.

Wanda ya tare ka a baranda. A matsayinka na yanzu, ba kai ne za ka faɗi sunan cuta mai nauyi ko makomarta ba. Ba ka ga dukan hoton ba, kuma tambayoyin da za su biyo baya sun fi ƙarfinka. Amma kada ka ce "babu komai" don ka tsira. Ka ce, "Ni ɗalibi ne, babban likita ne zai yi muku cikakken bayani. Zan gaya masa kuna son ganinsa." Sannan ka je ka gaya masa da gaske, ka dawo ka faɗa wa mutumin lokacin. Ka kuma roƙi malaminka ya bar ka ka zauna ranar da zai yi bayanin. Ka lura da inda ya zaunar da su, da abin da ya fara tambaya, da inda ya yi shiru.

Akwai tsari da aka wallafa a 2000 mai suna SPIKES, likitocin ciwon daji ne suka tsara shi. Gundarinsa shi ne a samu wurin da ba jama'a, a fara jin abin da mutum ya riga ya sani, a tambaye shi iya abin da yake so ya ji, a faɗa kaɗan-kaɗan da magana mai sauƙi, a bar shi ya yi kuka ko shiru, sannan a faɗi abin da za a yi gaba. Ya dace da mu, sai dai mu a nan dangi suna shigowa ciki sosai. Sau da yawa babban ɗa zai ce a faɗa masa shi, a ɓoye wa tsoho. Ni nakan tambayi maras lafiyan tun da wuri, "In sakamako ya fito, da ku za mu yi magana, ko akwai wanda kuke so ya zauna?" Amsarsa nake bi. Wasu sakamakon kuma, kamar na sida, wato cutar ƙanjamau, na mai shi ne shi kaɗai, ko wa ya biya kuɗin asibiti.

Cewa "in sha Allah" da "Allah ya ba da lafiya" ba laifi ba ne, ni ma ina faɗa kuma da zuciya ɗaya. Laifin shi ne a ɓuya a bayansu. Na ga iyalai sun sayar da shanu da gona sun ɗauki tsoho zuwa Yamai ko Kano a kan cutar da tafiyar ba za ta canja komai ba, don ba wanda ya zaunar da su. Shi kansa tsohon wataƙila yana da bashin da yake so ya biya, da wasiyya, da ɗiyar da yake so ya aurar yana raye. In an ɓoye masa, an ƙwace masa wannan damar. Kuma ko magani ya ƙare, kada a ce "ba abin da za mu iya." Rage zafi aiki ne, koya wa iyali yadda za su juya shi su ciyar da shi ma aiki ne.

Ɗan Garin Malam ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likita, yau na gwada tambayar salla a wurin wani dattijo mai ciwon zuciya. Ya ce kwana uku ke nan in ya yi sujada numfashinsa ke ɗaukewa, kuma da dare sai ya jingina da bango yake samun barci. Malaminmu ya sa na maimaita wannan a gaban sauran ɗalibai lokacin zagaye, ya kuma sake duba maganinsa.

Yaya Ƴar Zango, mu huɗu a ajinmu mun shirya za mu fara haɗuwa ranar Asabar bayan la'asar. Za mu fara da hawan jini, saboda abin da Maman Ƴan Biyu ta faɗa, har da yadda za a tambayi mutum ko kuɗinsa zai kai ba tare da an kunyata shi ba. Ba mu da mai jin Barbarci ko Fulatanci a cikinmu, in akwai ɗalibin da ke ji a wannan zaure ya yi mini magana. Hajiya, in jikarku za ta iya rako ku wata Asabar ɗin, muna so ku zo ku zama uwar miji, mu gwada fitar da ku daga ɗaki ku faɗa mana inda muka yi daidai da inda za mu gyara.